Kuɓewar Inna a Ƙarƙashin Fenti

A ɗakin aikin yayana doka ɗaya ce tak: ba a taɓa zane. Ka shigo da takalmi, ka zauna a kan buhun gawayinsa, ka shanye masa shayi, ka ce aikin nasa shirme ne, duk ba zai ɗaga kai ba. Amma ka miƙa yatsa wajen ɗaya daga cikin zanen da ke jingine a bango, nan take za ka ji ya yi gyaran murya. Ni da muke ciki ɗaya da shi, ni ce ma autar gidan, har furfura ta fara fito mini ina shiga ɗakin nan ban ɗora hannu a kan ko guda ba. Alhali akwai ɗaya a cikinsu da na so in kankare da hannuna, domin sawun hannun mahaifiyarmu yana binne a ƙarƙashin fentinsa, kuma shi kaɗai ya rage mana nata.

Ɗakin a gidanmu na gado yake, cikin garin Haɗeja, in ka shiga zaure ka karya dama. A da nan mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yake jibge buhunan shinkafa, har yanzu in damina ta yi nisa warin ƙaiƙayi yakan taso daga daɓen. Yaya ya koyar da zane a makarantar sakandare har ya yi ritaya, daga nan ya tare a ɗakin gaba ɗaya. Ba ya zana mutum, ba ya zana dabba, ko bishiya ba za ka gani ba. Launi ne kawai a kan launi, da tsage-tsage, da wasu wurare da suka yi duhu. In baƙo ya tambaye shi mene ne wannan, sai ya ce, "Me ka gani?" Ranar da ya yi mini wannan tambayar na ce masa na ga an ɓarar da miyar kuka. Ya yi dariya har da ajiye buroshi, ya ce to, ni dai na ga wani abu.

Na san yadda yake aikin ne saboda ni mutum ce mai zama inda ba a gayyace ni ba. Farin yadi mai kauri yake sayowa, ya ja shi a kan katako ya bi shi da ƙananan ƙusoshi har sai ya yi tauri. Ya jiƙa ƙaro ya narke, ya dama da farar ƙasa, ya shafe yadin, ya fitar da shi tsakar gida ya kwantar a kan bulo ya sha rana. Wannan shi ne shafin farko. Sauran launukan, kaɗan ne yake saye a gwangwani. In ruwa ya janye daga fadama sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi wajen Auyo da buhuna, ya ɗebo baƙar laka daga inda aka yanke shinkafa, ya ɗebo ja daga gaɓar kogi, da wata mai ruwan toka da shi kaɗai ya san inda take. Ya shanya, ya daka, ya tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwo, sannan ya dama da ƙaro. Shuni kuma wurin marina yake samowa.

Daga nan sai shafi a kan shafi. Ya shafa baƙi, ya jira ya bushe. Ya ɗora ja, ya jira. Wani shafin da buroshi, wani da tsumma, wani da tafin hannu. Zaman da yake yi yana kallon abin ya fi aikin yawa, har matarsa takan leƙo ta duba ko barci ya ɗauke shi. Can sai ka ga ya miƙe ya ɗauko cokali, tsohon cokalin ƙarfe da ya wasa gefensa, ya shiga kankara. Inda ya kankare sai launin ƙasa ya leƙo, wani lokaci har na ƙasan wannan ɗin ma. Ya taɓa tsayar da babur da ni a bakin kogi da rani, ya nuna mini gaɓar da ruwa ya zaftare, ga laka layi-layi, kowace shekara da nata. Ya ce shi abin da yake ƙoƙarin yi ke nan, bai kai ba tukuna.

Abin da ke ba ni haushi da shi, ba ya barin abu mai kyau ya zauna lafiya. Ka zo yau ka tarar zane ya yi kyau, ka ce Yaya don Allah tsaya haka. Ka dawo wani mako ka tarar ya lulluɓe shi da toka. In na yi masifa sai ya ce, "Auta, yana nan fa. Ba ki ganinsa ne kawai." Ni kuma in ce abin da ba a gani ina amfaninsa.

Inna kuwa, mahaifiyarmu, ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Yaya ɗan farinta ne, kuma ita mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfinta. Ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira, ko tuwo ne sai ta ce a kai wa mai ɗakin can. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi ta tafi da shi Guri, bai dawo ba sai da ya isa shiga makaranta. Ni kuwa a bayanta na girma, a cinyarta nake barci har na yi wayo. Aikinsa ɓarnar yadi take kiransa, a gabana dai. Amma duk cokalin da ya tsufa a gidan ba ta yar da shi, sai ka tsince shi da safe a bakin ƙofar ɗakin aikin, ba wanda ya ga wanda ya ajiye.

Hannunta na dama yana da alama. Tana yarinya a Guri ƙayar tarwaɗa ta soke ta a ƙaramin yatsa, ya kumbura, da ya warke sai ya karkace waje, bai ƙara miƙewa ba. Na san yatsan nan fiye da fuskata. In tana yi mini kitso shi ne yake tokare mini bayan kunne, in na yi motsi kuma da shi take dungure mini kai.

Abin ya faru wata kaka, lokacin idonta ya fara raguwa. Wani ɗan'uwanmu manomi ya kawo mata kuɓewa buhu guda, ta zauna tun hantsi tana yankawa don shanya. Na zo gidan wuni ranar, ina can ɗaki ina hira da matar Yaya. Shi kuma ya fito da wani babban zane, ya zuba masa shafin baƙar laka mai kauri, ya kwantar a kan bulo a tsakar gida, ya fita kasuwa. Saman lakar ya kame, ƙasan yana nan da laushi. Inna ta fito da kwaryar kuɓewarta tana neman wurin shanya, ta ga abu mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, an ma ɗaga shi daga ƙasa don kada kaji su hau. Ta ce Allah ya yi wa wanda ya ajiye albarka, ta juye kuɓewar ta baza.

Sai da rana ta yi tsaka ta zo juyawa, ta ji abu ya ƙi motsi. Kuɓewa da yauƙi, ga ƙaro, sun kama juna. Ta sa yatsu ta jawo da ƙarfi daga kusurwa, yatsun suka nutse cikin lakar suka yi rami huɗu, dogaye, har kusan tsakiya. Salatinta ne ya fito da mu. Na tarar da ita tsaye da baƙin hannu tana kallonsa, na kalli zanen, wallahi sai da na zauna a ƙasa don dariya. Ana cikin haka Yaya ya yi sallama.

Ya zo ya tsaya a kan zanen. Inna ta juyo wajena, ba wajensa ba, ta ce, "Ki gaya wa yayanki, mai shimfiɗa abu a tsakar gida ya san mata suna shanya."

Na ce, "Yaya, ka ji saƙo."

Ya tsuguna a gefen zanen ya daɗe yana kallo. Ya ce kada kowa ya cire ko ɗaya, a bari ta bushe a haka. Da ta bushe ya bi ta da bakin wuƙa yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta bar zobe a cikin lakar, da 'yan ramukan 'ya'yanta a tsakiya. Zobba birjik, ga sawun yatsun Inna ya ratsa su. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Ya ce tun da ya fara aiki a ɗakin babu abin da ya fito mai kyan wannan, kuma a karon farko bai ɗora wani shafi ba. Ya rataye shi a zaure haka nan.

Zauren ne ya jawo matsala. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, duk wanda ya tambaya sai an ba shi labari, kafin ka ce me unguwa ta ɗauka. Tsofaffin ƙawayen Inna suka sa ta a gaba, in ta je suna ko biki sai su ce a matsa ga mai zane ta iso. Ita kuwa mace ce da ko ɗaga murya ba ta so a ji nata a waje. Wata safiya Yaya ya durƙusa yana gaishe ta, maimakon ta amsa ta kau da kai yadda ta saba, sai ta yi masa magana kai tsaye. Matarsa ce ta ba ni labari, ta ce ita kanta sai da gabanta ya faɗi.

Inna ta ce, "Kai, ka rufe abin nan. Ba na son ana nuna wa baƙi hannuna."

Ya ce, "To, Inna."

Washegari ya sauke shi ya shafe da shuni. Na zo na yi ta faɗa, na ce da ya ɓoye shi a ɗaki ai ya wadatar. Ya ce ba ɓoyewa ta ce ba. Bayan shunin ya ɗora ja, bayan ja toka, shekara na bin shekara yana komawa kansa, har ya zama wani abu mai duhu da layuka barkatai wanda ni ban ga kansa ba. Na manta da shi, tunda mai hannun tana nan, in na so ganinsa sai in je in kama.

Inna ta rasu cikin damina, bayan 'yar gajeruwar jinya. Aka raba tufafinta, aka ba da na bayarwa sadaka, 'yan'uwa suka ɗauki tukwane da kwanuka. A daminar kuma ruwa ya shigo unguwarmu ya kwanta, ɗakinta na ƙasa ne, ya jiƙa ya zauna. Hoto kuwa ba ta yarda a ɗauke ta, sai na katin shaida, wanda ta ɗaure fuska a ciki har ba ka cewa ita ce. Wata rana ina wanke-wanke a gidana na yi ƙoƙarin tuno yadda yatsan nan yake, ta wane gefe ya karkace, sai na ji ina kokwanto. Tsoro ya kama ni sosai. Na bar kwanukan a ruwa na sa mayafi na nufi gidanmu.

Na ce, "Yaya, ka kankare zanen Inna."

Ya ce, "A'a."

"Kullum kankara kake yi. Abin da bai kamata ba ma kankarewa kake."

"Ita ta ce a rufe."

"Don baƙi ta ce. Ni baƙuwa ce?"

Ya ci gaba da tankaɗen ƙasarsa. Haka muka yi ta yi har kaka ta wuce. Na yi lallashi, na yi fushi, na daina gaishe shi sai ta bakin matarsa, na turo masa kawunmu ya yi masa magana. Yaya mutum ne mai sanyi, amma in ya ce a'a ko turmi ya fi shi saurin matsawa. Zanen yana can ƙuryar ɗaki, ya juya fuskarsa bango, in na shiga sai in ji kamar an rufe ta a ɗaki an hana ni mabuɗi. Ina son yayana, ban taɓa daina son sa ba, amma a watannin nan na ji haushinsa har cikin raina.

Da na ga magana ba ta yi, wata safiya na zaro cokali daga cikin nawa, na goga gefensa a dutse yadda na ga yana yi, na ƙulle a bakin mayafi. Na same shi yana dama jar ƙasa. Na kwance cokalin na ajiye a gabansa, na ce ko ya yi ko in yi, kuma yau ba gobe ba.

Ya kalli cokalin, ya gwada kaifinsa a babban yatsa, ya ce na iya wasawa. Ya jawo wani ƙaramin zane da yake aiki a kai, mai tudu-tudu, ya miƙo mini ya ce in gwada a nan tukuna. Na sa ƙarfi na ja. Launin ƙasa ya fito kam, amma duk tudun da ke wurin ya bi cokalin ya zube gari a kan zanina, wurin ya koma sumul.

Ya ce, "Kin gani? Cokali bai san shafi ba. Abin da ya taso shi yake fara ci. Hannun Inna ba launi ba ne, Auta, laka ce da ta tashi ta kwanta. Ja ɗaya za ki yi ki share ta."

Na tsaya da cokali a hannu. Na ce, "To shi ke nan ka binne ta. Ka binne ta sau biyu."

Ya miƙe ya shiga ƙuryar, ya rungumo zanen ya fito da shi tsakar gida. Ya jera bulo a daidai inda aka jera su waccan shekarar, ya kwantar da shi. A rana ma duhu ne da shi, shuni da ja da toka sun cakuɗe, layuka ta ko'ina, na duba iya dubawata ban ga zobe ko ɗaya ba. Ya ce in tsuguna. Na tsuguna. Ya ce in rufe ido in ba shi hannuna na dama.

Na ce, "Dokar fa?"

Ya ce, "Kawo."

Ya kama wuyan hannuna ya ɗora tafina a kusurwar. Da farko kaushi kawai na ji, sai na fara jin 'yan zobba a ƙarƙashin fatata, sun dushe amma suna nan. Ya matsa da hannun kaɗan, yatsuna uku suka faɗa cikin ramuka, kowanne da nasa, kamar an auna. Zurfinsu yana nan yadda ta bar su. Ya ce duk shafin da ya ɗora, tun daga shunin farko, kafin ya bushe sai ya bi ramukan da wutsiyar cokali ya kwashe abin da ya taru a ciki, ya bar launi kawai. Layukan da ya cika zanen da su kuma don kada idon baƙo ya gane nata ne. Ya rufe, kamar yadda ta ce. Cikewa ce ya kasa.

Ina jan yatsun a hankali na lura da wani abu. Ko'ina a zanen kaushi ne, amma cikin ramukan santsi ne, irin santsin taɓaryar da ta daɗe a hannu. Fenti ba ya yin haka da kansa. Na tuna ni an goya ni, an yi mini kitso, an dungure mini kai har na gaji, shi kuwa ko kansa ban taɓa ganin ta shafa ba.

Idona a rufe na ce, "Yaya, wa yake taɓa nan?"

Ya yi gyaran muryar nan tasa. Ƙaramin yatsana yana ta yawo a sama, ya rasa na huɗun, don ramin bai bi sahun sauran ba. Sai na ji ya kama yatsan, ya karkata shi waje ya ɗan lanƙwasa, ba tare da ya laluba ba, ya saka shi a ciki.

Ya ce, "Sai kin yi masa haka yake shiga."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, hannuna yana cikin nata, nasa yana kan nawa. Matarsa ta leƙo ta koma. Muna nan tsugune har inuwa ta bar tsakar gidan, bai ce in cire hannun ba.